Wuƙar Malam Lauwali

Gangaren Kuka, ta Roni,
26 ga Disamba, 2006.

Zuwa ga ƙawata Muhsina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Abban Ukasha da shi kansa Ukashan. Yaya jikin Hajiya, ƙafar ta sake ta? Yaya Babura da hada-hadar ragunan layya? Mu nan lafiya lau muke, in lafiyar jiki ake nufi.

Sai yau da safe na ga saƙonki na barka da Kirsimeti. A ƙauyen su maigidana Iliya sai an hau dutsen bayan majami'a ake samun sabis, kuma duk wanda ya hau zai tarar da rabin gari a can, kowa ya kasa kunne ga wayar ɗan'uwansa. Maganar da ke bakina ba ta kan dutse ba ce. Shi ya sa na koma takarda, zan ba direban da ke kai awaki kasuwarku.

Kin tambaya ko biki ya yi daɗi. An yi sujada, an yi waƙa, mata sun yi anko, an ci an sha. Sai dai kwanukana goma sha ɗaya sun dawo, kuma tun jiya nake zaune ina kallonsu.

Bari in ɗauko miki daga tushe, don rabon da mu zauna an daɗe. A farkon shekarar nan mazan ikilisiyarmu suka zaɓi maigidana ya gaji Baba Maikasuwa a shugabancin Zumuntar Maza. Ƙungiya ce ta magidanta, su arba'in da 'yan kai. Su ke gyara rufin matan da mazansu suka rasu, su ke haƙa kabari, su ke sasanta ma'aurata, su ke zuwa gaban mai unguwa idan shanu sun shiga gona. Baba ya riƙe ta shekara talatin da ɗaya, yanzu yanar ido ta rufe masa gani. Sharaɗin da suka sa shi ne Iliya ya bi shi shekara guda yana koyo, sannan ranar sabuwar shekara a ɗora masa hannu a yi masa addu'a. Yau saura kwana shida.

Da na ji an ce koyo, na zaci littattafai za a ba shi. Mutum mai digiri, malamin gona a Gwiwa, wanda manoma ke jiran sa hannunsa. Duk Juma'a da yamma yakan hau babur ya taho ƙauye, ran Lahadi ya komo mana Kazaure, ni kuma in tambaye shi darasin makon, da muryar nan tawa da kika sani. Wata biyun farko gaisuwa kawai suka yi. Baba a gaba da sandarsa, Iliya a baya riƙe da 'yar kujerarsa, gida gida, na Kirista da na Musulmi. An koya masa ya bar agogo a gida in zai je ta'aziyya. An koya masa inda zai tuɓe takalmi kafin ya isa gaban mai unguwa. In mutum biyu sun yi faɗa, ya ji kowa shi kaɗai, kuma ya ci tuwo a gidajen biyu. A wurin gayya shi ne na ƙarshen sa hannu a akushi, in kuma ya tarar babu, ya ce dama a ƙoshe yake. Ya koyi duba haƙoran sa, ya koyi ɗaurin jinka har tafinsa ya yi kanta. Kuma duk Asabar sai sun ɓata awa guda a ƙofar gidan wani tsoho, Malam Lauwali, na'ibin limamin garin, inda shi da Baba suke musu a kan geron wa ya fi kyau a wata shekara da ba a haife mu ba.

Na sa wa abin suna digiri na biyu a fannin durƙuso. Na faɗa muna cin abinci. Iliya ya yi dariya, amma ba da dukan bakinsa ba.

To, ga maganar watanda. Duk Kirsimeti mazan sukan haɗa hannu su sayi sa, a yanka a gindin kukar da ke gefen majami'a, a kasa, kowane gida ya dafa ya aika wa maƙwabta Musulmi, waɗanda su ne fiye da rabin gari. Malam Lauwali ne mai yankawa. Ana saura kwana uku shugaba yakan je da ƙafarsa ya roƙe shi, ko da yake duniya ta san shi zai yanka. Shi kuma sai ya ce zai duba ko yana da sarari, ko da yake duniya ta san ba inda za shi. Ranar yakan zo da hantsi, a hankali, da wuƙarsa naɗe a tsumma, in an gama a ba shi wuya. Bara har rana ta ɗaga ba a kayar da san ba. Ƙarfe goma ake shiga sujada. Muka shiga muna warin albasa, shinkafa na kan wuta, rabin hankalinmu na wajen Ubangiji, rabi na wajen tukunya. Ni da na tashi a Kano, inda nama a leda yake zuwa, na ga wannan wahala ce da mutane suka ɗora wa kansu.

Bana Baba ya bar wa Iliya watanda gaba ɗaya, a matsayin gwajinsa na ƙarshe. Sai aka yanke shawarar a sayi san a Kazaure, mahauta su yanka a can da sassafe, su sassara, a ɗoro a a-kori-kura. Ƙarfe bakwai nama ya iso. Ƙarfe takwas kowace tukunya na tafasa. Karo na farko a tarihin garin nan mata suka riga Fasto shiga majami'a, har ya yaba daga kan bagade, wato mumbarinmu. Na zauna a layin gaba ina duban farcena, kamar ban san wa ake yabo ba.

Kwano goma sha biyu na aika, da shinkafar nan tawa mai karas da koren wake. Kin san al'ada, kwano ba ya komawa gidansu haka nan. Bara nawa sun dawo da gyaɗa, da ƙwan zabi, da daddawa, wata tsohuwa ma tsamiya ta cika mini. Bana kafin la'asar goma sha ɗaya sun dawo, a wanke tas, suna ƙyalli, babu ko ƙwayar gero a ciki, kowanne da saƙon an gode, Allah ya maimaita. Na goma sha biyu, wanda ya je gidan Malam Lauwali, bai dawo ba. Duk gidajen Kirista haka aka yi musu.

Yau da safe da zan hau dutse na bi ta bayan dangogi. Na tarar da zabi sun taru a kan juji suna tsattsaga. Shinkafa ce, da nama, da karas. Duk garin nan ba mai sa karas a shinkafa sai ni.

Muhsina, Musulmi ne suka yanka san nan, Iliya na tsaye. Ke da kika san abin, ki gaya mini inda aka kuskure. Ko kuma ki bari. Ina jin na sani.

Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki shafa mini kan Ukasha.

Taki,
Dela.


Gangaren Kuka,
29 ga Disamba, 2006.

Ƙawata Muhsina,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Da fatan an samu rago mai kyau, kuma Abban Ukasha bai sake biye wa dillalan bara ba. Yaya aikin jajibere? Allah ya kai mu lafiya.

Ban jira amsarki ba, don akwai gyara a takardar da na aiko. Na rubuta miki cewa an yanke shawara. Ni na yanke. Ni na zauna a Kazaure da biro da rula na tsara abin, ƙarfe kaza a yi kaza, kamar jadawalin jarrabawar ɗalibaina. Iliya ya duba ya ce yana da kyau, bari ya ji ta bakin Baba. Na tambaye shi ko bayan shekara guda yana bin tsoho har yanzu bai iya sayen nama ba sai da izini, kuma shugaba za a naɗa ko ɗan rakiya. Can ya ce to Malam Lauwali fa. Na ce tsoho ne, hannunsa ma rawa yake, hutar da shi za a yi. Kin san ni in na samu magana mai daɗin faɗa, ba na tsayawa in duba ko gaskiya ce. Iliya ya ce zai je ya yi masa bayani. Ya kai ƙofar gidan sau biyu, kunya ta dawo da shi.

Ga abin da na ji daga baya a bakin rijiya, daga matan da suka yi kamar ba su gan ni ba. Da kwana ukun suka wuce ba wanda ya zo roƙo, Malam ya ce wa matarsa, Inna Shatu, yaron sabo ne, abubuwa sun yi masa yawa, mantuwa ce. Ya wasa wuƙarsa tun jajibere. Ranar Kirsimeti ya sa wankakkiyar riga, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ajiye wuƙar a gefensa. Ta gabansa motar naman ta wuce. Bai tashi ba sai da aka kira azahar. Bai ce wa kowa kada ya ci ba. Mutane ne suka tambayi juna wa ya yanka, ba wanda ya iya cewa ya gani. Waɗanda suka yarda yankan na halal ne ma suka ce ba za su ci abin da aka tsallake Malam aka kawo ba.

Shekaranjiya Laraba mazan suka yi taro a gindin kuka. Mu mata muna cikin majami'a muna shara, tagogi a buɗe. Wuri ɗaya na share har ƙasa ta fara ramewa. Kawu Bitrus, ƙanen mahaifiyar Iliya, wanda dama ya so kujerar, ya ce a daina wahalar da yaro, kowa ya ga dabarar nan ya san da ɗankwali ta zo. Aka yi dariya. Matan da ke kusa da ni suka duƙufa ga tsintsiyarsu. Sau uku ana tambayar Iliya wa ya ba shi shawara. Sau uku yana cewa shi ya sayi sa, shi ya ɗauko mota, shi ya ƙi zuwa roƙo, kuma ba shi da wani suna da zai ƙara.

Taku goma ne tsakanina da ƙofa. Amma mace ba ta magana a taron maza. Shekara biyar ina yi wa dokar nan ba'a, ranar kuwa ba wadda ta kai ni bin ta.

Baba Maikasuwa bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Labari ya bayar. Ya ce lokacin da Kiristocin garin gida bakwai ne, mahaifinsa ya rasu da rani, ƙasar nan kuwa dutse ce, suka yi ta sara har hannu ya fashe ba su kai gwiwa ba. Mahaifin Malam Lauwali ne ya zo da mutanensa da digoginsu. Ya ce shekarar da aka yi tashin hankali a birni, wasu baƙi suka sauka daga mota suna tambayar ina majami'a, Lauwali ne ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a ƙofarta, ya zauna yana jan carbi har suka gaji suka tafi. Ya ce mu ma muna da wuƙaƙe, kuma a cikinmu akwai waɗanda suka fi Lauwali iya yanka, kowa ya sani, shi ma ya sani. Daga nan ya nemi ruwa ya sha, bai ƙara ba.

Akwai wani abu da ban sani ba sai ranar. Duk Babbar Sallah, washegarin yanka, Malam yakan aika wa shugaban Zumuntar Maza ƙafar gaba ta ragonsa. Shekara talatin da ɗaya ba fashi. Sai mazan suka tsaya a kan cewa in ƙafar ta zo bana, a ɗora wa Iliya hannu ranar Litinin. In ba ta zo ba, a nemi wani, domin wanda maƙwabta ba sa cin abincinsa ba zai iya tsaya wa kowa a gabansu ba. Baba bai musa ba. Wato aikin shekara guda na mijina, da kantar hannunsa, da abin da ya fi wannan nauyi wanda tsofaffi suka gina tun ba a haife mu ba, duk suna rataye a ƙafar rago, saboda ina son in shiga sujada ba warin albasa.

Jiya Baba ya sa Iliya ya ja masa sanda zuwa gidan Malam. Baba ya zauna, ya bar shi da bakinsa. Iliya ya durƙusa ya ba da haƙuri. Malam ya ce ba komai, ai ci gaba ne, Allah ya ba da lada. Ya tambaye shi labarin taki da irin bana. Kuma tun daga farko har ƙarshe ranka ya daɗe yake ce masa. Mutumin da tun yana rarrafe Iliyan Talatu yake kiransa, da sunan uwarsa. Iliya ya dawo ya zauna a bakin rumbu ya daɗe yana kallon ƙasa.

Yau kuma itace. Al'ada ce shugaba ya kai wa Malam itacen gashin layya ran jajibere. Iliya ya ɗaure dami a bayan babur, ya tayar. Baba na zaune a ƙofar gidanmu, ya ji ƙarar inji, ya ce a kashe, shi bai taɓa jin babur ya yi wa wani laifi ba. Sai malamin gona ya naɗa gammo, ya ɗora damin a ka, ya ratsa gari daga wannan gefe zuwa wancan, ta gaban teburin mai shayi, ta gaban manoman da ke zuwa ofishinsa. Ta ramin danga na leƙa har ya ɓace. Ya ce da ya sauke, daga cikin zaure aka yi masa godiya, ba a fito ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yanzu bai ce mini komai ba. Yana neman ruwa da ladabi, yana yaba miya. Ɗazu na tare shi na ce ya faɗi abin da ke ransa, ko ya bari in je in gaya wa dattawa. Ya ce tun watan farko Baba ya gaya masa wanda ke gaba ba ya juyowa ya nuna wanda ya tura shi, kuma ai shi ke da ƙafar da ta ƙi shiga zauren. Wannan na cikin darussan da na yi wa dariya. Ban tuna wace ba'a na yi masa ba, amma na tabbata mai kyau ce.

Barka da Sallah tun yanzu. Ki ci nama ki ci nawa, nan ban san ko za mu gani ba. Ki sa mu a addu'a, irin taku ma muna so.

Ƙawarki,
Dela.


Gangaren Kuka,
2 ga Janairu, 2007.

Muhsina 'yar'uwata,

Gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya, an ga sabuwar shekara lafiya. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Yaya gajiyar suya? Yaya Hajiya, da Abban Ukasha, da angon Sallah Ukasha?

Direba ya kawo mini amsarki ranar Sallah da safe. Shafi huɗu na aika miki, kika maido mini da layi biyu: kin ji, kuma in tashi in je in karɓo kwanona. Na ji haushi na kusan awa guda. Sannan na ɗauki mayafi.

Na tarar rago na tsaye a jikin wuta. Na tsaya ina leƙen itacen ko na Iliya ne, sai na ga ashe itace in ya kama wuta duk kamarsu ɗaya. Inna Shatu na tsakar gida a kan 'yar kujera tana wankin kayan ciki. Ta ce maraba da Malama. Na durƙusa na faɗa mata duka, da rular, da ɗan rakiyar, har da maganar rawar hannu, wadda na so in haɗiye amma ta riga ta fito. Ba ta ɗago ba, tana ta juya tumbi a ruwa.

Da na gama ta ce ai sun sani tun da suka buɗe kwano suka ga karas. Ta ce yaron da ta goya wata biyu lokacin da Talatu ke kwance, ba shi zai zauna ya ƙirƙiro wannan ba. Ta ce ranar da suka zo da Baba, ba haƙuri Malam yake saurare ba, haƙuri kowa ya iya bayarwa. Jira yake ya ji ko Iliya zai ce sharrin mata ne. Da ya faɗa, da Malam ya karɓa hannu biyu, ya raka su har bakin hanya, kuma da an gama ke nan, don wanda ya miƙa matarsa saboda ƙafar rago, ranar da mota ta sake sauke baƙi ba a san wa zai miƙa ba. Na tambaye ta ko hakan na nufin Malam ya huce. Ta ce ita ba a cikinsa take kwana ba.

Sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce durƙusona irin na 'yan boko ne, kamar mai shirin tsere, in zauna sosai. Ta turo mini kwaryar hanji. Muhsina, awa guda ina wankin hanji da farcen nan nawa, 'ya'yanta mata suna wucewa suna yi mini sannu da murya mai laushi ƙwarai. Da zan tafi na tambayi kwanona. Ta ce yana da aiki.

Washegari ba wanda ya yi abin kirki a gefenmu. Bayan an tashi daga sujada Iliya ya tafi gyaran katangar wata tsohuwa, aikin da ba na gaggawa ba, don kada a gan shi yana kallon hanya. Baba ya sa aka kawo shi ƙofar gidanmu, ba nasa ba, ya zauna. Kawu Bitrus ya wuce sau uku yana neman akuyar da ke ɗaure a gidansa. Nama ya yi ta shigowa gidajen Kirista ƙulli ƙulli daga maƙwabta, amma kowa ya san ba shi ake jira ba. Azahar ta wuce. Na wanke kwanuka goma sha ɗayan nan da ba su yi datti ba.

Bayan la'asar na ji sallama. Ba aike Malam ya yi ba, shi ne da kansa, da kwanona a hannu an rufe da faifai, ƙafar ta leƙo waje. Ina bayan danga, inda na saba. Ya ce wa Baba tsohon kwano har yanzu ba a mutu ba, Baba ya ce yana jiran ya ga geron Lauwali ya yi kyau ko sau ɗaya kafin ya tafi. Sai Malam ya ɗaga murya yadda za ta tsallaka danga, ya ce a faɗa wa Iliyan Talatu wannan shi ya yanka da hannunsa mai rawa, ba a mota ta zo ba, a ci ba tambaya. Malama kuma in ta ga dama ta sa karas.

Baba ya yi dariya har ta koma tari. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na gode mata. Aka kira Iliya ya zo da laka har gwiwa, ya durƙusa, irin durƙuson da Inna Shatu ba za ta samu abin gyarawa ba. Malam ya ce masa baɗi ana saura kwana huɗu zai zo roƙo, ba uku ba, ɗayan tara ce, kuma ko a nan sai ya duba ko yana da sarari.

Jiya aka ɗora masa hannu. Baba ne ya yi addu'ar, gajeriya, ya laluba kan Iliya kamar mai zaɓen kabewa. Kawu Bitrus ma ya ɗora nasa, da ɗan nauyi. Ni a layin baya na zauna. Bayan an tashi na je na durƙusa gaban Baba zan fara bayani, ya ce ya ji shara ta yi kyau ranar Laraba, musamman wajen taga. Ya ce in na samu Asabar ɗin da ba ni da aiki, matarsa na zuwa gaishe-gaishe, kuma tana son mai riƙe mata kujera.

Kada ki zaci na warke. Na dafa ƙafar, kowa ya ci, ni ban iya kai loma ba. Yaran gari sun sa mini Malama Karas, kuma na ga alamar sunan zai riga ni tsufa. Mutanen nan ba wanda ya ɗaga mini murya, ni da na zo da shirin koya musu amfani da lokaci.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni cin naman. Ina wankin hanjin nan na tuna ɗakinmu na jami'a. Shekara huɗu, duk ranar da za mu ci kaza ke kike zuwa kasuwa, kina cewa ni za a cuce ni. Duk ranar da na dawo daga gidan gwaggona da soyayyen nama, ko cikinki na ciwo, ko kina azumi. Har na riƙa ba mutane labarin ibadarki, yarinya mai azumin Litinin da Alhamis har da Talata. Ba ki taɓa tambayata wa ya yanka ba, don kada in ji wani iri. Kika zaɓi yunwa. Ni kuma da ake yabo da lura, shekara huɗu muna cin tuwo a kwano ɗaya ban gani ba, sai da zabi suka nuna mini a kan juji. Ban san yadda ake ba da haƙurin abin da ya shekara goma ba. In akwai darasinsa, ban kai wurin ba tukuna.

Sai ranar Lahadi za mu koma Kazaure. Ki roƙi Abban Ukasha ya kawo ku ran Asabar, ko wuni ɗaya ne. Na ɗaure kaza, mai ƙiba. Ɗazu na sa mayafi na bi Iliya har ƙofar zauren Malam, ya roƙa mana ya zo ya yanka ta, ana saura kwana huɗu cif. Ya ce zai duba ko yana da sarari.

Ki gaida Hajiya, ki ce ina nan tafe da kaina in duba ƙafar. Allah ya bar mu tare.

Taki har kullum,
Dela.